Hafizu da Hoton da Ya Ƙi Washewa

Alherin farko da Hafizu ya yi wa Inna Gaji bai wuce zura zare a allura ba. Tana zaune a soron gidanta a Gaya da hantsi, hula a cinya, tana ta kai zare bakin allura yana zamewa, sai inuwa ta tsaya a kanta. Saurayin nan ne da bai daɗe da kama shagon ƙofar gida ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, kawo na gani." Kafin ta gama janye hannu ya zura. Bai tsaya nan ba, ya tambaye ta ko tana da wasu alluran. Ta kwance bakin zane ta ba shi duk abin da take da shi. Ya zura wa kowace zare mai tsawo, da ja da kore da ruwan ƙasa, ya soke su a jere a jikin wani tsumma.

"In ɗaya ta ƙare ki ɗauki ta gaba," in ji shi. "Gobe kafin na buɗe shago sai na sake cika miki."

Haka kuwa aka yi, kullum ta Allah. Abin da ta riƙe daga wannan safiyar shi ne idonsa: ga kaifi kamar na shaho, amma jajawur kamar wanda ya wuni a hayaƙi. Da ya miƙe sai ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, ya ɗaga kai ya ɗiga a kowane ido. Jim kaɗan da ya leƙo neman tsintsiya, jan nan ya fara washewa. Ta ce a ranta, ikon Allah, magani kamar yankan wuƙa. Ba ta san kwalbar nan ce za ta ci idon ba. Shi ma bai sani ba.

Inna Gaji mace ce mai ƙarancin magana. Tun da mijinta Malam Isyaku ya rasu, 'ya'yanta mata kuma kowace tana ɗakinta, ba ta da abokin zama sai ɗinkin hula da carbi. Shagon a jikin soron yake. Nan marigayi yake sayar da hatsi, kuma ya bar wata 'yar kafa a bango da ake miƙa masa abinci ta ciki, ba a taɓa toshe ta ba. Daga inda take shimfiɗa tabarmarta, ba sai ta yi leƙe ba, rabin shagon a idonta yake.

Shi Hafizu ɗan Ajingi ne, ɗan fari ga Malam Gwadabe manomin gyaɗa. Tun yana ƙarami, da kaka ta yi aka shiga cirar gyaɗa da kaɗe ta, idanunsa kan kumbura, ya yi ta susa har ya yi kuka. Uwarsa Wasila ta gwada kwalli, ta gwada ruwan gishiri, ba abin da ya ragu. Mutane suka ce ciwon ido sai haƙuri. Da ya gama sakandare ubansa ya ga dai wannan ba ɗan gona ba ne, ya bar shi ya tafi Kano koyon gyaran waya. A can wani abokin aiki ya raka shi kemis ya nuna masa kwalbar nan mai farin murfi. Ba likita, ba takarda. Ya ɗiga, ƙaiƙayin da ya yi shekaru yana cinsa ya kwanta kamar an zuba wa garwashi ruwa. Daga ranar kwalba ba ta sake barin aljihunsa ba. In ta ƙare ya sayi wata.

Rasuwar ubansa ce ta dawo da shi. Zaman Ajingi ba zai riƙe sana'arsa ba, sai ya zaɓi Gaya, inda ran Juma'a zai hau mashin ɗinsa ya je ya gai da uwarsa ya dawo. Ya fara da gyaran waya da talabijin biyu da samari ke buga ƙwallon gem a kai, wato wasan kwamfuta. Ba a ashar a shagonsa, kuma da an kira salla yakan kashe komai ko ana tsakiyar wasa, ya ce wanda ya ji haushi ya kai ƙara wajen liman. Wannan ne ya sa Inna Gaji ta toshe kunnenta da maƙwabta suka shigo suna cewa ta bai wa gidan gem wuri a ƙofar gidan mutunci.

Burinsa ɗaya ne, wani tabarau da ya taɓa gani a Kano. Ya sayar da bijimin da ya gada, ya tafi ya dawo da kwamfuta ta hannu da tabarau ɗin a kwali. Sunan dai tabarau, amma ya fi kama da rabin ƙwarya mai maɗauri. In mutum ya kifa shi a fuska ya ɗaure ta ƙeya, sai duniyar nan ta ɓace masa, ya ga kansa tsaye a cikin wasan, duk inda ya juya kai nan hoto yake. Inna Gaji a ranta takunkumi take kiransa. Sau da yawa ya ce ta gwada, takan ce, "Ni da tsufana? A bar ni da idon da Allah ya ba ni."

Wanda ya fara sakawa Bubayero ne, ɗan acaba, aminin Hafizu, mutum mai jiki da yawan baki. Wasan na maharba ne. Kana tsaye a wani daji da kwari da baka, ga wata ƙatuwar bishiya a hannun hagu, tsuntsaye suna ɓullowa ta gefe-gefe kana harbi. Wani tsuntsu ya taho masa ta dama, Bubayero ya yi ƙasa ya rungume ƙafar benci yana salati.

"Tashi, tsuntsu ne, ba surukinka ba," in ji Hafizu.

"Injiniya, wallahi har iskar fiffikensa na ji."

"Fanka ce."

Da ya cire yana goge gumi, Hafizu ya tambaye shi yadda ya ga hoton.

"Tar," in ji Bubayero.

Hafizu ya karɓa ya saka, ya ɗan jima, ya cire yana girgiza kai. "Kai ko toka aka watsa maka a ido cewa za ka yi tar. Wannan ai kamar ta cikin gidan sauro ake kallo."

A wannan karon gaskiyarsa ce. Hoton yana da dishi-dishi, abin nesa duk ya cakuɗe. Ya duƙufa a kan abin da yake kira saiti, wato wasu ma'aunai a cikin kwamfutar da ake ƙarawa ko a rage don hoto ya canja. Wata safiya yana zura allura ya ɗauki hular da ke cinyar Inna Gaji ya yi mata bayani da ita.

"Kin ga zanen nan naki, Inna? Ɗinki ne ɗaya bayan ɗaya. In kika yi da zare mai kauri, daga nesa ya yi kyau, in an matso sai a ga tsani-tsani. In kika yi da siriri kika matse, sai zane ya fito kamar an rubuta. To, hoton ma ɗige-ɗige ne. Akwai inda ake ƙara yawansu."

"To ka ƙara mana."

"In kika matse ɗinki sosai, hula nawa za ki gama a wata?"

"Ko ɗaya da ƙyar."

"Haka kwamfutar take. In na cika mata ɗigo sai ta kasa kawo hoton da sauri. Mutum ya juya kai, hoto ya biyo shi a baya yana ɗingishi, nan take jiri ya ɗebe shi. In na rage ta yi gudu, amma hazo ya dawo. Tsakiya nake nema."

Ba shi ke nan ba. Akwai saitin da ke goge gefen abubuwa don kada su fito kamar haƙoran zarto. Akwai na inuwa, wanda ya gano yana shan ƙarfin kwamfuta a banza, ya rage shi ya mayar da ƙarfin kan ɗigo. Akwai kuma wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin tabarau ɗin da ake murzawa don gilasan biyu su zo daidai da tazarar idon mai sakawa, tunda ba kowa Allah ya dasa wa ido wuri ɗaya ba. Duk wanda ya zo, Hafizu da hannunsa yake murza masa yana tambaya, "Nan? Ko nan?" Bishiyar nan ta hagu ita ce ma'auninsa. In ana rarrabe ganye da ganye, saiti ya yi.

Ya kuwa samo tsakiyar da yake nema. Shagon ya cika, har daga Kademi samari suke zuwa su yi layi. A harbin tsuntsu kuma babu mai kamo ƙafar mai shago. Shekarar nan ita ce ta jin daɗinsa, ya sauya wa uwarsa rufin ɗaki, ya yi ƙiba kaɗan, yana shigowa soro da wasa da dariya.

Ta wajen tsuntsayen abin ya fara. Hafizu da ba ya kuskure sai ga shi yana harbe na gabansa, na gefe suna wucewa salin alin. Samari da ke bin wasan a talabijin su ce, "Oga, ga shi ta damanka." Ya juya, ya riga ya wuce. Ya ce ya san mai laifin. Akwai wani saiti da ke fito da tsakiyar hoto ya bar gefe a dushe don a sauƙaƙa wa kwamfuta. Ya shiga ya kashe shi. Fankar kwamfuta ta ɗauki ruri kamar injin niƙa. Ya saka tabarau, gefen yana nan yadda yake, duhu-duhu, kamar an shafa masa baƙin tukunya.

Ya goge gilasan. Ya ƙara haske. Ya ƙara kaifin hoto. Ya ja ma'aunin ɗigo har inda ya ƙare.

"Injiniya, me ka yi wa dajin nan?" in ji Bubayero yana cirewa, yana ƙifta ido. "Kamar ana walda a ciki. Ganyen nan har yanka ido suke."

"Yanzu ne ma ya fara fitowa."

"Da can lafiyarsa ƙalau. Mayar da shi yadda yake."

"Wa zai tambayi wanda bai san kore da shuɗi ba?"

"To, ni dai na san jiri. Ga shi nan yana juya ni kamar waina."

Ba Bubayero kaɗai ba. Kowa ya saka sai ya fito yana dafa bango. Wani saurayi ya kai ƙofa da ƙyar ya amayar da abin da ya ci a kwata. Magana ta bazu a gari cewa tabarau ɗin Hafizu yana juya ƙwaƙwalwa, iyaye suka fara hana 'ya'yansu. Layi ya ragu, ya zo ya ƙare. Shi kuwa maimakon ya saurara sai ya ƙara nutsewa. Inna Gaji takan gan shi ta kafar bango tun daga hantsi har azahar, ya saka, ya cire, ya taɓa kwamfuta, ya sake sakawa, gumi yana bin wuyansa. Kwalbar da a da safe kawai yake fito da ita, yanzu duk alwala sai ya ɗiga.

Ita ba ta san saiti ba, amma ta san mutum. Ta lura in an yi masa sallama daga gefe ba ya juya ido, kansa gaba ɗaya yake juyawa. Ta lura butar da take ajiyewa a bakin soro, wadda ya saba tsallakewa, ya yi ƙwallo da ita har sau ba adadi. Zura allura da yake yi tsakanin gaisuwa da amsawa ya koma sai ya karkata wajen haske, ya kai ya dawo. Daga baya ya ɓullo da wata dabara, ya ce bari ya tafi da tsumman shago, hasken can ya fi. Ta kafar bango ta ga wanda ke zurawa. Bubayero ne, da manyan yatsunsa, yana lasar zare yana tsaki ƙasa-ƙasa, Hafizu na tsaye ya ba shi baya.

Wata Juma'a a hanyar Ajingi adaidaita ta fito masa ta hagu da rana tsaka, bai gan ta ba sai da ya ji shi a ƙasa. Allah ya taƙaita, gwiwa ce ta goge. Ya sayar da mashin ɗin. Ya gaya wa mutane wai kuɗin wani ƙarfe yake nema, katin hoto, wanda shi ke zana hoton a cikin kwamfuta. Nasa ya tsufa, in ji shi, shi ya sa gefe ke duhu. Ya aika a sayo masa sabo.

Washegarin da ya aika, da ya kawo mata tsumma, ta ce, "Hafizu, zauna."

Ya zauna a bakin tabarma.

"Wa ya zura waɗannan?"

"Haba Inna, wa yake zura miki kullum?"

"Kai sau ɗaya kake ƙulla bakin zare. Wannan sau biyu aka ƙulla, kuma da yawu."

Ya yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba.

"Ba na son shiga abin da ban sani ba," in ji ta. "Injinka ban san shi ba. Amma jiya Malam Yahya mai shayi ya tsaya a gefenka ya miƙo maka hannu har ya gaji ya mayar aljihu. Ya tafi yana cewa ka zama babban mutum."

"Gajiya ce, Inna. Yawan kallon allo."

"Duk wanda ya saka abin nan cewa yake da can ya fi kyau. Kai kaɗai kake ganin hazo. In gida duk sun sha miya mutum ɗaya ne ya ji ɗaci, ai ba tukunya ake dubawa ba."

Ya shiga murza bakin tabarma.

"Ka je asibitin ido a Kano, ɗan nan. In ba komai, ka dawo ka yi mini dariya."

"Bari katin nan ya iso tukuna. In na saka shi ban ga canji ba, wallahi zan je."

"Ido ba ya jira."

"Bayan salla, in Allah ya yarda."

Ya miƙe, ya zaro kwalbar a gabanta, ya ɗaga kai ya ɗiga. Ita ma a lokacin ba ta zargi kwalbar ba, har cewa ta yi a ranta gara da yana da magani.

Katin bai iso da wuri ba. Aka yi salla, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sannan ya zo. Ranar da ya ɗaura shi babu kowa a shagon, da la'asar ne, Inna Gaji tana kan tabarma da carbi. Ta ga ya saka tabarau ya tsaya cik. Sai ya fara juya kai a hankali zuwa hagu, wajen da bishiyar take. Ya ƙara juyawa. Ya ƙara, har jikinsa duka ya fuskanci bango. Ya cire tabarau ɗin ya ajiye a kan benci kamar mai ajiye ƙwai. Ya juyo ya fuskanci ƙofa, inda rana ke kwance fari fat a kan titi, ya sa tafin hannu ya rufe idon dama. Ya daɗe a haka. Sannan ya sulale ya zauna a ƙasa, hannun yana nan a fuskarsa.

Ta yi zaton da safe zai kama hanyar Kano. Da safe sai ga shi ya buɗe shago, ya share, ya kunna kwamfuta, ya koma saiti. A nan ta gane ba rashin sani ne ya rage ba, tsoro ne.

Ran kasuwar Ajingi ta yafa mayafi ta shiga mota, ita da rabonta da fita daga gari tun rasuwar mijinta. Ta tambayi gidan marigayi Malam Gwadabe aka nuna mata. Ba ta yi wa Wasila doguwar magana ba, ta ba ta labarin buta da allura da adaidaita da tafin hannu. Tare suka dawo Gaya. Wasila ta tsaya a ƙofar shago, a gefen hagun ɗanta, ba ta yi sallama ba. Ya ci gaba da taɓa kwamfuta. Ta tsaya har hawaye ya sauko mata, sannan ta kira sunansa, ya zabura.

"In gari ya waye ba ka tafi asibiti ba," in ji ta, "ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Bubayero ne ya raka shi. Shi ne kuma ya shigo soro bayan sun dawo, ya zauna nesa da tabarma, ba wasa ba dariya, yana juya makullin mashin a hannu.

"Likitar ta sa ya zazzage aljihunsa," in ji shi. "Da ta ga kwalbar sai ta tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun yana koyon aiki. Inna, sai da ta ajiye biro. Ta ce wannan maganin na 'yan kwanaki ne, shi ma da sanin likita. In aka daɗe a kansa sai ruwan cikin ido ya taru ya danne jijiyar gani, ta riƙa mutuwa daga gefe tana shigowa ciki, ba zafi ba komai. Hawan jinin ido ta kira shi."

"Yanzu ina aka tsaya?"

"Na hagu ya tafi. Na dama saura kamar mai leƙe ta ramin kara."

"Wanda ya tafi fa?"

"Na tambaya. Ta ce jijiya ba ta dawowa." Ya dubi ƙasa. "Ta ce da bara ne ya zo..." Bai ƙarasa ba.

Inna Gaji ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta ja carbinta.

An yi masa aiki a idon dama don a tsare abin da ya rage, aka ba shi wani maganin ɗigawa na daban. Ya tsaya na ɗan lokaci, sannan ramin karan ya ci gaba da tsukewa. Da ya kai ba ya iya tsallaka titi shi kaɗai, Wasila ta ce ya dawo gida.

Safiyarsa ta ƙarshe a shagon, Inna Gaji ta gan shi ya ja kujera ya kai hancinsa jikin allon kwamfuta, yana bin rubutu harafi bayan harafi da ɗan abin da ya saura masa. Ya sauke haske. Ya sauke kaifi. Ya dawo da ɗigo baya, ya tsaya yana lissafi da leɓe, ya ɗan ƙara saboda sabon kati zai iya ɗauka. Ya bi ma'aunan nan ɗaya bayan ɗaya, ba da ido ba, da abin da ya sani. Da ya gama ya ɗauki tabarau ɗin ya riƙe a cinya yana shafa maɗaurin. Bai saka ba. Ya miƙa wa Bubayero tare da makullin shago.

Samari sun dawo a hankali. Bubayero ya rage acaba ya koma zaman shago, yana aika wa Ajingi abin da ya samu. Shi yake zura wa Inna Gaji allura, yana ƙulla bakin zare sau biyu, wani lokaci ya sa ruwan goro a inda ta ce ja.

Da kaka ta yi ta sake shiga motar Ajingi, da wata hula da ta ɗinka da siririn zare. Ta same shi a inuwar rumbu, an girke masa kwando yana ɓarar gyaɗa da hannu, ƙwaya a ƙwarya, ɓawo a ƙasa, ba ya kuskure. Ya rame. Idanun a buɗe suke, farare tas, ba ja ko kaɗan, suna kallon wani wuri sama da kafaɗarta. Tun daga sallama ya gane ta, ya yunƙura zai durƙusa ta hana shi.

Ta sa masa hular a hannu. Ya bi zanen da ɗan yatsa, a hankali, daga baki har tsakiya.

"Kin matse ɗinkin nan, Inna."

"Ba gaggawa nake ba."

"Wa ya zura miki? Kar ki ce mini mai yawun nan."

"Shi ne."

Ya yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Ya ɗauki gyaɗa ya fasa, ya riƙe ƙwayar bai jefa ba. Wasila tana can bakin murhu ta ba su baya.

"Bubayero yana zuwa duk Juma'a da yamma," in ji Hafizu. "Kullum in na tambaye shi hoton, sai ya ce tar. Tun ranar farko da yake kamar gidan sauro cewa ya yi tar. Yanzu kuma ko ya lalace ba zai faɗa mini ba, tausayina yake ji." Ya juyo da fuskarsa wajen muryarta, ya ɗan zarce ta. "Saitin nan na ƙarshe ban gan shi ba, Inna. Duk wanda na yi a baya na gani, har waɗanda na ɓata. Wannan kaɗai ne ban gani ba, kuma ina jin shi ne daidai."

"Ni da ba na ganin kafar allura, me zan gano maka?"

"Ba kusa ake gani a ciki ba, nesa ne. Idonki na nesa kuwa na san shi. Ta kafar bango kika ga abin da ni mai idon ban gani ba." Ya jefa ƙwayar a ƙwarya. "Na san kin ce ke da tsufanki. Ki bari sai an tafi sallar Juma'a shago ba kowa, ki ce Bubayero ya ɗaura miki kafin ya wuce masallaci, ya murza maɓallin ƙasa har ya zo daidai idonki. Kar ki ji tsoron tsuntsayen, ba sa taɓa mutum. Ki juya hagu, akwai bishiya. Ki duba mini ganyen, na tsakiya da na can gefe, ko ana rarrabe ɗaya da ɗaya. In kin sake zuwa ki faɗa mini yadda kika gani. In bai yi ba, Inna, ki ce bai yi ba."